Daga Masoro da Kanumfari Zuwa Kafso: Tarihin Maganin Gargajiya da Abin da Ya Faru a Idu



Duk wanda ya saba hawa jirgin ƙasan Kaduna ya san Idu, amma yawancinmu tashar kawai muka sani. A cikin wannan unguwa ta masana'antu akwai wata cibiyar gwamnatin tarayya da ake kira NIPRD, wadda aikinta shi ne binciken magunguna, musamman waɗanda ake samu daga itatuwa da tsirran ƙasar nan. A can ne aka karɓi haɗin wani mai maganin gargajiya, aka auna shi, aka gwada shi a kan marasa lafiya, aka mayar da shi kafso, har sunansa ya kai Amurka da Turai. A nan Abuja kuma aka yi sakaci da shi har ya ɓace daga kantuna shekara da shekaru. Labarin ya shafe mu, domin maganin sikila ne, kuma da wuya a sami dangi a cikinmu da ba su san wannan ciwo ba. Sai dai kafin mu iso Idu, ya kamata mu koma baya mu ga yadda aka yi har maganin da kakanninmu suka rayu da shi ya koma abin da ake nema idan asibiti ya gagara.

Kafin zuwan Bature ba a kiran wannan magani madadin komai, shi ne maganin. Kuma sana'a ce mai rassa, kowa da fagensa. Wanzami ke yin ƙaho da kaciya da cire beli. Maɗori ke ɗaurin karaya, yawanci gado ne daga uba. Ungozoma na wajen haihuwa da yankan cibi. Maharbi ya san dafi da makarinsa, Sarkawa ke fitar da ƙayar kifi idan ta maƙale a wuya, maƙeri ke da maganin ƙuna. 'Yar mai ganye na zaune a kasuwa da sassaƙe da saiwoyi saboda yara masu haƙori da mata masu jego. Magori shi ne mai yawo gari-gari yana wasa kansa da kansa. Sai boka da 'yan bori masu harka da iskoki, sai malami mai rubutun sha. Ba wanda zai ɗauki karaya ya kai wa ungozoma. Wannan rabon aiki shi ne ya fi lalacewa a zamaninmu, inda mutum ɗaya zai tsaya da jarka ɗaya ya ce tana maganin ciwo arba'in.

Akwai masu zaton cewa duk ilmin nan a baki yake, ba a rubuta shi ba. Ba haka ba ne. Shugabannin jihadi sun ɗauki harkar lafiya da muhimmanci. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Masalihul Insan, wanda ya haɗa maslahar addini da ta jiki. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya fi kowa rubutu a wannan fanni: yana da littafi a kan basir, da wani a kan ciwon ido, da wani a kan amfanin filasko. Yana ɗaukowa daga tibbin Annabi da littattafan likitocin Larabawa, yana dubawa da abin da ke tsirowa a ƙasarsa. A zamaninmu Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya yi dogon nazari a kan magungunan Hausa da ke rubuce a hannun malaman tsibbu.

Wani abin lura game da Bello shi ne, lokacin da Baturen Ingila Clapperton ya iso Sakkwato a 1824, cikin abubuwan da Sarkin Musulmi ya nema a gaya wa Sarkin Ingila har da a aiko masa da likita ya zauna a ƙasarsa. Mutumin da ya rubuta littafi a kan filasko bai ga likitan Bature a matsayin kishiya ba. Ilmi ya hango, yana son ƙari.

Shi ma Baturen da sassaƙe ya shigo. Shekaru da yawa zazzaɓin cizon sauro ya hana Turawa ratsa kogin Kwara, duk ayarin da ya shigo sai ya binne mutanensa a hanya. Abin da ya buɗe musu ƙofa ɓawon wata bishiya ce ta Kudancin Amurka mai suna sinkona, wanda wasu masana biyu na Faransa suka tace sinadarinsa a 1820, aka sami kwinin. A 1854 Dakta William Baikie ya hau Kwara da Binuwai da jirgin ruwa, yana ba mutanensa kwinin kullum, ya koma ba tare da zazzaɓi ya kashe masa kowa ba. Shi ne daga baya ya zauna a Lakwaja, wadda daga Abuja tafiyar 'yan awoyi ce. Bambancin kwinin da jiƙon maɗaci ba wai ɗaya daga ice yake ɗaya daga sama ba. Dukkansu ɓawon bishiya ne, dukkansu masu ɗaci. Bambancin shi ne an ware abin da ke aiki a cikin ɗaya, an san nauyin da za a sha, an san abin da zai faru idan aka zarce.

Bayan cin ƙasar Arewa a 1903, asibitocin farko na Turawa ne da sojojinsu da ma'aikatansu. Talaka bai fara ganin asibiti sosai ba sai wajen ƙarshen shekarun 1920, lokacin da aka buɗe asibitin birnin Kano, 'yan mishan suka kafa nasu a Wusasa, hukumomin En'e kuma suka fara gina ɗakunan shan magani a gundumomi. Mutane ba su ruga ba. Wasu na tsoron wuƙar tiyata, wasu na tsoron a juya musu addini, mata kuma ba sa son namiji baƙo ya duba su. Hukuma ma ta ƙara wa abin ƙaiƙayi da tilas: lokacin yaƙi da ciwon barci a ƙasar Zazzau, an tashi ƙauyuka a yankin Anchau aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. Abin da ya jawo hankalin jama'a a hankali shi ne allura, da suka ga tana busar da tunjere da gyambo cikin kwanaki. Har yau akwai tsofaffin da idan likita bai yi musu allura ba, a wurinsu bai yi komai ba. Likita na farko ɗan Arewa, Dakta Barau Dikko, sai wajen 1940 ya fara aiki. Ke nan har kusan samun 'yancin kai mafi yawan Hausawa a hannun wanzami da ungozoma da mai ganye suke, daga haihuwa har mutuwa.

Cikin likitocin mulkin mallaka akwai wanda bai raina abin da ya tarar ba. Dakta J. M. Dalziel ya yi aiki a garuruwan Arewa yana tambayar sunayen itatuwa da amfaninsu. A 1916 ya fitar da ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa, a 1937 kuma ya fitar da babban littafinsa a kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma, wanda masu bincike ke buɗewa har gobe. Bishiyar hano, wadda wasu ke kira ararrabi, sunansa aka liƙa mata a harshen kimiyya. Su kuwa mutanen da suka nuna masa ita suka gaya masa aikinta, ba a san sunan ko ɗaya ba. Ku riƙe wannan, za mu sake haɗuwa da shi a Idu.

Gaskiya kuma ba ta da daɗi: ba duk abin da aka gada ne ya zama alheri ba. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya sun lura da yawan mata masu zuwa da kumburi da ciwon zuciya bayan haihuwa, suka alaƙanta shi da yawan shan kunun kanwa da kwanciya a gado mai wuta a ƙarƙashi lokacin wankan jego. Yankan gishiri ya jefa mata da yawa cikin yoyon fitsari. Cire beli da aska ɗaya ya kashe jarirai da zubar jini da tsinkau-tsinkau. Waɗanda suka yi waɗannan abubuwa ba mugaye ba ne, so da kulawa suka sa su. Abin da suka rasa shi ne hanyar ƙidaya wanda ya warke da wanda bai warke ba. Wanda ya tashi shi ke yawo yana yabon mai magani. Wanda ya mutu, sai a ce kwana ya ƙare.

To me ya sa bayan asibitoci sun yawaita jama'a suka sake komawa ga ganye da ƙarfi? Aljihu ne. A sanarwar juyin mulkin 31 ga Disamba 1983, cikin laifuffukan da sojoji suka lissafa har da cewa asibitoci sun zama wurin ganin likita kawai, babu magani. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, maganin da ake shigowa da shi daga waje ya fi ƙarfin talaka, jabu ya cika kasuwa. Daga wannan lokaci ne masu tallar magani da lasifika suka yawaita, daga baya shagunan maganin Musulunci da zuma da habbatus sauda da man zaitun suka bazu a unguwanni. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tun taron Alma-Ata na 1978 ta shawarci ƙasashe su jawo masu maganin gargajiya cikin kiwon lafiya a matakin farko, don ta san likitoci ba za su isa ba.

A cikin wannan yanayi aka gina Abuja. An yi dokar kafa ta ranar 3 ga Fabrairu 1976 zamanin Janar Murtala, aka karɓi sunan daga tsohuwar Abuja ta Haɓen Zazzau, ita kuma ta koma Suleja. Ƙasar da aka shata ta Gbagyi ce da Koro da Gade da Gwandara da Bassa da Ganagana, mutanen da suka san dajinsu da saiwoyinsa. Gwamnati ba ta tare ba sai 12 ga Disamba 1991, Babban Asibitin Ƙasa kuwa sai 1999 aka buɗe shi. Leburorin da suka gina birnin, da 'yan tireda da masu shayi da masu yankan farce da suka biyo su daga Kano da Katsina da Sakkwato da Maraɗi, sun zauna a Karmo da Gwagwa da Nyanya da Zuba, kowa da ƙullin sabara da marke da bagaruwa a cikin kayansa.

An kafa NIPRD a 1987, ta fara aiki a 1989. A farkon shekarun 1990, lokacin da Farfesa Charles Wambebe ke jagorantar bincike a wurin, cibiyar ta nemi masu maganin gargajiya su kawo abin da suke da shi. Cikin waɗanda suka amsa akwai wani limamin coci daga ƙasar Yarabawa, marigayi Rabaran Paul Ogunyale, wanda ke ba masu sikila wani haɗi. Aka rubuta yarjejeniya da shi kafin ya buɗe sirrinsa. Da aka buɗe, sai ga abubuwa huɗu, uku daga ciki suna kicin ɗin kowace Bahaushiya ko a teburin mai kayan yaji: masoro, da kanumfari, da jan ganyen dawa irin na karan dafi da dukawa ke rina fata da shi. Na huɗun wani jan ice ne na kurmi da Yarabawa ke kira osun, ɗan'uwan madobiya.

Ga wanda bai sani ba, sikila, ko amosanin jini, gado ne daga uwa da uba duka biyu. Ƙwayar jinin mai ciwon takan lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi, shi ne azabar ciwon ƙashi da gaɓoɓi da ke tayar da yaro tsakar dare yana ihu. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da shi kowace shekara a ƙasar nan, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ɗauke da rabin gadon ba tare da ya sani ba. Wasu masu bincike na ganin da yawa daga yaran da a da ake kira 'yan wabi, masu zuwa suna komawa, wannan ciwo ne ya ɗauke su.

Abin da masanan Idu suka yi shi ne abin da aka yi wa ɓawon sinkona. Suka tsayar da ma'auni guda na kowane sinadari, suka gwada a kan dabbobi don ganin ko yana da dafi, sannan suka gwada a kan mutane. A gwajin da aka buga sakamakonsa a 2001, marasa lafiya 82 ne suka shiga. Akan ba wasu maganin, wasu kuma kafso mai kama da shi amma babu komai a ciki, ba mai sha ba, ba likitan da ke dubawa ba, babu wanda ya san wanne ne wanne, daga baya a musanya. Aka tarar tashin ciwon ya ragu ƙwarai a lokacin da ake shan na gaskiyar. Masu bincike a asibitin yara na Filadelfiya a Amurka su ma suka ga yana jinkirta lanƙwashewar ƙwayar jini a ɗakin gwaji. Ba ya warkar da sikila, kuma masanan ba su taɓa cewa yana warkarwa ba. Mutum 82 kuma ba su da yawa, shi ya sa masu bitar bincike na duniya suka ce alamar tana da kyau amma a ƙara gwaji mai faɗi. Aka sa wa maganin suna Niprisan. A takardar mallakar fasaha da Amurka ta bayar a watan Satumba 1998, sunan Ogunyale na nan cikin waɗanda suka ƙirƙira, kusa da na farfesoshi. Abin da masu nuna wa Dalziel bishiyar hano ba su samu ba, shi ya samu.

Daga nan ne labarin ya karkace. Cibiyar bincike ba masana'anta ba ce, kuma ba a sami kamfanin gida da ya ɗauki nauyin ba. A 2002 gwamnati ta ba wani ƙaramin kamfanin Amurka mai suna Xechem izinin sarrafawa da sayarwa. A 2003 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta saka shi cikin jerin magungunan cututtukan da ba su da yawa a can, matakin da ke sauƙaƙa bincike, ba izinin sayarwa ba. Tarayyar Turai ta yi haka a 2005. Aka kafa wurin sarrafawa a Sheda, kan hanyar Lakwaja bayan an wuce Gwagwalada, kuma ranar 6 ga Yuli 2006 Shugaba Obasanjo da kansa ya ƙaddamar da shi da sabon suna, Nicosan. Iyaye suka fara saye, yara suka fara sha. Cikin shekara biyu kamfanin ya nutse a bashi, zarge-zargen almundahana suka taso, a ƙarshen 2008 uwar kamfanin ta bayyana karyewa a Amurka, a 2009 gwamnati ta janye izinin. Magani ya yanke. Uwar da ta ga ɗanta ya yi watanni bai kwanta asibiti ba, ta zagaya kantuna ta dawo hannu wofi.

A nan ne nake ganin masu cewa likitoci ne ke danne maganin gargajiya ba su bi tarihin da kyau ba. Likitoci da masana harhaɗa magani ne suka ɗaga wannan haɗi daga ƙwarya zuwa kafso. Abin da ya kayar da shi rashin jari ne da rashin riƙon amana da gwamnatin da ke ƙaddamarwa ta juya baya. Sai a 2018 aka ƙulla sabuwar yarjejeniya da kamfanin May & Baker, wanda daga baya ya fito da shi da sunan Niclovix. Kusan shekara goma ke nan a banza, kuma yaron da aka haifa da sikila ba ya jiran a gama shari'ar bashi.

Ma'aunin nan na Idu yakan ce a'a, ba kullum yake cewa i ba. Lokacin annobar korona, ranar 16 ga Mayu 2020, shugaban Gini Bisau ya kawo wa Shugaba Buhari wani jiƙo daga Madagaska wanda shugaban ƙasar can ke tallatawa a matsayin maganin cutar. Mutane da yawa a cikinmu sun yi murna, ana cewa Afirka ta gano abin da ya gagari Turawa. Aka aika da shi NIPRD. Sakamakon da ya fito bayan kamar wata biyu ya nuna yawancinsa wani tsiro ne ɗan'uwan tazargade, kuma ba a ga hujjar cewa yana maganin korona ba. Abin sha'awa, daga wannan tsiron ne wata masaniya 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, ta tace sinadarin da yau ke cikin magungunan zazzaɓin cizon sauro da ake ba mu a asibiti, aikin da ya sa aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Ganye ɗaya, a wani ciwon ya ceci miliyoyi, a wani bai nuna komai ba.

A ɓangaren doka tafiyar hawainiya ake yi. An fitar da manufar ƙasa kan maganin gargajiya a 2007, an buga kundin tsirran magani na Nijeriya a 2008, Ma'aikatar Lafiya ta buɗe sashe na musamman a 2018, kuma kowace ranar 31 ga Agusta akan taru a Abuja a yi bikin ranar maganin gargajiya ta Afirka a yi jawabai. Amma ƙudirin kafa majalisar da za ta yi wa masu sana'ar rajista, ta ware na gaske daga 'yan damfara kamar yadda ake yi wa likitoci, ya daɗe yana kai da komo. Masu gadon sana'ar na gaskiya su suka fi kowa cutuwa da wannan, don mai lasifika a tasha, wanda ke zuba ƙwayar asibiti a cikin jiƙo don mai sha ya ji sauƙi nan take, da sunansu yake ci.

Abin da ke hannu a yanzu shi ne lambar NAFDAC, ita ma ya kamata a san ma'anarta. Idan ka ɗauki kwalbar maganin gargajiya a Wuse ko Utako ka ga lambar ta ƙare da harafin L, abin da hukumar ta duba shi ne ko abin yana cutarwa, kuma na ɗan wa'adi ne, sai an sabunta. Ba ta ce yana warkar da abin da aka rubuta a jiki ba, shi ya sa ake tilasta wa mai shi ya buga a kwalin cewa hukumar ba ta tantance iƙirarinsa ba, kodayake da ƙananan baƙaƙe ake rubutawa. Cikakkiyar rajista sai maganin da aka gwada a kan marasa lafiya irin gwajin da aka yi wa Niprisan, kuma waɗanda suka kai wannan mataki 'yan kaɗan ne. Wanda ake aunawa da murfin jarka a bakin tashar Zuba kuwa, ko L ɗin ba shi da ita.